Yadda Za a Kare Majinyaci Mai Shaƙar Oksijin Daga Gobarar Sigarin Lantarki da Wutar Cikin Ɗaki

Tambayar nan ta yi ta dawo mini a 'yan watannin nan, daga 'yan'uwan majinyata da kuma ƙananan ma'aikatan lafiya da ke ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu na Jigawa da Kano: an sallamo mana Baba daga asibiti da tukunyar oksijin, me za mu yi, me za mu bari? Wasu kuma kai tsaye suke tambaya a kan sigarin lantarki, ɗan abin nan mai kama da biro da samari ke zuƙa yana fitar da tururi mai ƙamshin lemo ko na'a-na'a, wanda wasu ke kira shishar aljihu. Wai tunda ba a ƙyasta masa ashana, ba ya toka, ai ba komai idan an zuƙa a ɗakin mara lafiya. Akwai komai, babba ma kuwa.

A hunturun da ya wuce na je duba wani dattijo da ciwon huhu ya kwantar. Na same shi da robar oksijin a hanci, an lulluɓe shi da bargo har wuya. Jikansa da ya dawo hutu daga birni yana zaune a bakin gadon, yana danna waya da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da sigarin lantarki. A ƙarƙashin gadon kuma ga kasko da garwashi, an saka don ɗumama ɗaki. Na rufe tukunyar kafin ma in gama gaisuwa. Yaron ya dube ni da ladabi ya ce, "Malam, ai wannan babu wuta a cikinsa, tururi ne kawai." Ba taurin kai yake yi ba, abin da ya sani ke nan, kuma yana ƙaunar kakansa. Allah ne ya kiyaye gidan nan.

Abu ɗaya za a riƙe kafin mu shiga matakai. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Wadda injin tace iska ke bayarwa, wato injin lantarki da ke tsamo oksijin daga iskar ɗaki, tana haura kashi 90, ta cikin tukunya kuwa kusan zallarta ce. Oksijin ba ya kamawa da wuta da kansa, aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne: ɗan tartsatsin da zai mutu a iskar waje, idan ya samu oksijin sai ya zama harshen wuta nan take. Kuma ba duk abin da ke fitowa daga robar ne ke shiga huhu ba. Ragowar tana shiga gemu, rawani, mayafi, matashi da bargo, ta zauna a ciki. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba wanda zai gan ta.

Mataki na 1: Zaɓi ɗaki kafin tukunya ta iso

A zaɓi ɗakin da ke da taga mai buɗuwa, wanda ya fi nisa da murhu da wurin ajiye janareto ko babur. Idan akwai zaɓi tsakanin ɗaki mai rufin kwano da mai rufin ciyawa, a ɗauki na kwano. A girke gadon yadda mutum biyu za su iya ɗauke majinyacin su fita da shi ba tare da sun tsallake akwati ko buhun hatsi ba. Ƙofa kada a riƙa sa mata sakata ta ciki da dare idan majinyaci ne kaɗai a ɗakin.

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce a bar tazarar mita 3 tsakanin oksijin da duk wata buɗaɗɗiyar wuta, wato kamar taku huɗu na babban mutum. To ɗakunanmu na ƙauye yawanci faɗinsu bai wuce haka da yawa ba. Saboda haka ni ba na wahalar da mutane da awo: ɗakin gaba ɗaya ya haramta ga wuta, shi ke nan.

Kayan da za a tanada ba masu tsada ba ne: bokiti mai murfi cike da ruwa, bokitin yashi, tocila mai batir ko fitilar sola, igiya mai ƙarfi ko sarƙa ta ɗaure tukunya, ƙaramin kwando ko kwano na ajiye kayan baƙi a ƙofa, da kwali da alƙalami na rubuta sanarwa. Mafi yawansu akwai su a gida. Wanda ke da hali ya ƙara da tukunyar kashe gobara, irin wadda direbobi ke ajiyewa a mota, ya rataye ta a bakin ƙofa ta waje, ya kuma duba ranar lalacewarta.

Mataki na 2: Kwashe wuta da mai daga ɗakin

A tsaya a tsakiyar ɗaki a duba sama da ƙasa. A fitar da ashana, laita, kyandir, aci-balbal, fitilar ƙwai, risho, kurfoti, kaskon garwashi da maganin sauro na kunnawa. A fitar da galan ɗin kananzir da kwalbar fetur da ake ɓoyewa a bayan ƙofa. A fitar da maganin sauro na fesawa, da fiya-fiya, da turaren fesawa.

Turaren wuta shi ne ya fi ba ni wahala da iyayenmu mata. Ɗakin jinya yakan yi wari, baƙi na zuwa, uwargida ba ta son a ce ɗakinta ba ƙamshi. Na fahimci wannan sarai. Amma garwashin kaskon turare wuta ne kamar kowace wuta. Abin da nake ce musu shi ne: "Inna, a wanke zanen gado a shanya a rana, a buɗe taga safe da yamma, turaren kuma a yi shi a wani ɗakin."

Gargaɗi: kada a turara bargo ko kayan da majinyaci ya tashi daga cikinsu yanzu. Suna ɗauke da oksijin. A shanya su a iska tukuna.

Mataki na 3: Sigarin lantarki, daga ƙofa zuwa soket

A nan zan daɗe, domin a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. A cikin sigarin lantarki akwai siririyar waya a nannaɗe, wadda ke yin zafi sosai duk lokacin da aka zuƙa, har ta tafasa ruwan da ke ciki ya zama tururi. Zafinta yakan kai digiri 200 ko fiye. Wannan zafin yana tashi ne a daidai bakin mutum, ɗan yatsa kaɗan daga inda robar oksijin ke hurawa. Na biyu, akwai batirin litiyam a ciki, irin na waya. Idan ya faɗi ya ƙwanƙwasu, ko ya sha rana, ko aka caja shi da cajar da ba tasa ba, yana iya kumbura ya yi feshin wuta ba tare da an taɓa shi ba. Na uku, yawancin na zamani ba su da maɓallin kunnawa, jan iska ne ke tayar da su, don haka ba yadda za ka tabbatar a kashe yake.

Ga tsarin da za a bi. Da farko, sigarin lantarki ba ya tsallake ƙofar ɗakin, ko a aljihu ne. Mai shi ya ajiye a kwandon ƙofa tare da laita da ashana. Kwandon ya kasance a inuwa, inda yara ba za su kai ba, domin ruwan cikinsa akwai nikotin, yaro ya sha yana iya halaka shi.

Na biyu, ba a cajinsa a ɗakin jinya. Wannan kuskuren ya fi zuƙar yawa, saboda sau da yawa ɗakin mara lafiya ne kaɗai ke da wuta a gidan, tunda don shi aka tayar da janareto. Sai kowa ya kawo wayarsa, da fawa-bank, da tocila, da sigarin lantarki, a jera su a soket ɗaya kusa da kan majinyaci. A ja wata wayar wuta daban zuwa zaure ko wani ɗakin don caji. A can ɗin ma a ɗora sigarin lantarkin a kan siminti ko faranti, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba, kuma kada a bar shi a caji a kwanta barci.

Na uku, wanda ya daɗe zaune jikin majinyaci, musamman wanda ya rungume shi ko ya tallafe kansa, kada ya fita ya kunna komai nan take. Rigarsa ma ta sha oksijin. Ya tsaya a iska ya kakkaɓe ta tukuna. Haka matar da za ta tashi daga bakin gado ta wuce murhu kai tsaye.

Na huɗu, idan majinyacin da kansa ne mai shan taba ko mai zuƙar na lantarki. Wannan kan faru, domin da yawa cikin masu buƙatar oksijin tabar ce ta kai su ga haka, kuma wasu 'ya'yansu ne ke sayo musu na lantarki da niyyar raba su da karan sigari. Niyya mai kyau ce, amma ga mai oksijin haɗarin gobarar duk ɗaya ne. A gaya wa likita gaskiya tun kafin sallama, a tambaye shi cingam ko filastar nikotin da ke rage ƙawar taba. Kada a ɓoye don kunya. Idan kuma ya ƙi bari duk da nasiha, to aƙalla a bi wannan jerin ba tare da tsallake ko ɗaya ba: a rufe tukunya ko a kashe inji, a cire robar daga fuskarsa gaba ɗaya a bar ta a ɗaki, a cire masa bargo da rawanin da yake ciki, a fitar da shi tsakar gida, a jira aƙalla minti 20. Ba ina halatta masa ba ne. Wanda jikinsa ba zai jure minti 20 babu oksijin ba, ba shi da sauran zaɓi sai bari.

Gargaɗi: zame robar daga hanci a ɗora ta a goshi ko a bar ta a wuya alhali iska na fita, shi ne mafi muni. Oksijin na kwarara kan fuska da ƙirji, wutar kuma tana bin robar kamar lagwani.

Gargaɗi: sigarin lantarkin da ya kumbura, ko ya yi zafi shi kaɗai, ko yake tsiyayar ruwa, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa. A ajiye shi a gwangwani da yashi nesa da ɗakuna. Kada a zuba shi a aljihu ɗaya da makulli ko tsabar ƙarfe.

Mataki na 4: Ɗauko tukunya da girke ta

Iskar da ke cikin tukunya a matse take ƙwarai, ninkin iskar tayar mota sau da yawa. Idan tukunya ta faɗi kanta ya karye, tana iya tashi ta fasa bango. In za a ɗauko ta daga Dutse, Haɗeja, Wudil ko cikin Kano, a tabbatar kanta a rufe yake da hularsa, a ɗaure ta yadda ba za ta yi birgima ba, a buɗe tagogin mota, direba kuma ba taba ba sigarin lantarki har a sauke. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da jarkar fetur. Ɗaukar babbar tukunya a bayan babur ganganci ne, a nemi mota ko a-daidaita-sahu. A gida kada a gangara ta a ƙasa ko a ja ta ta wuya.

A tsayar da ita a kusurwa, a ɗaure ta da bango ko ginshiƙi, inda rana ba ta dukanta. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40, ƙarfen da aka bari a rana kuwa ya fi haka nesa. Kada a rataya mata riga ko a rufa mata zane don ado. Ta biyu da ake ajiyewa don ko-ta-kwana a sa ta a wani wuri mai iska, ba ƙarƙashin gado ba.

Gargaɗi: a sayi oksijin na asibiti daga inda asibiti ya nuna. Tukunyar masu walda ba ta majinyaci ba ce, ko da sunan iskar ɗaya ne. Ba ka san abin da ya taɓa kanta ba.

Mataki na 5: Haɗa kan tukunya da buɗewa

Wanda zai taɓa kan tukunya ya wanke hannu da sabulu ya busar. Mai ko maiƙo idan ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya kamawa da kansa, ba ashana ba tartsatsi. Hannun da ya ci ƙosai, ko ya shafa basilin, ko ya gyara babur, bai dace da wannan aiki ba. Wanda ya shafa sanitaiza ya jira ya bushe sarai.

A duba bakin tukunya ba ƙura, a duba 'yar robar da ke toshe mahaɗa tana nan ba ta tsage ba. A ɗaura regileta, wato na'urar da ke rage matsin iska ta daidaita fitarta, daidai zarenta ba tare da dole ba. A tabbatar maɓallin sakin iska yana kan sifili. A tsaya a gefe, agogon da ke nuna matsin iska yana kallon wani wajen, sannan a buɗe tukunya a hankali, kaɗan-kaɗan. Buɗewa da ƙarfi lokaci guda na haifar da zafi a cikin regileta. Bayan nan a saita adadin lita a minti da likita ya rubuta, a ji iska na fita, sannan a sa wa majinyaci. In an gama, tukunyar ake fara rufewa, a bar iskar da ta rage a regileta ta fita, sannan a mayar da maɓalli sifili.

Gwajin tsiyaya ba ya buƙatar kuɗi. A rufe maɓallin sakin iska, a buɗe tukunya har allurar agogo ta tashi, a sake rufe tukunyar, a zuba wa allurar ido na 'yan mintuna. Idan tana sauka, akwai inda iska ke fita. A kuma kasa kunne ko za a ji tsss. In an samu, a rufe, a buɗe taga, a kira wanda ya kawo tukunyar.

Tsiyaya haɗari ce, kuma asarar kuɗi ce. Ga lissafin: kubik ɗaya lita 1,000 ne. Tukunya mai kubik 6 tana da lita 6,000. Idan likita ya rubuta lita 2 a minti, awa ɗaya na cin lita 120, tukunyar za ta kai kusan awa 50. Idan taku ta ƙare a kwana ɗaya, to ko ba a cika ta ba, ko tana tsiyaya, ko wani yana ƙara lita. Farashin cikawa yana canzawa daga gari zuwa gari, don haka a tambayi kuɗin kubik ɗaya da kuɗin ajiyar tukunya daban-daban kafin a biya, a kuma duba agogo a gaban mai sayarwa.

Gargaɗi: kan da ya cije ba a ɗiga masa baƙin mai, man gyaɗa ko giris. Mahaɗar da ke tsiyaya ba a naɗe ta da robar tayar keke ko salatif. Ba a bugun kai da guduma ko dutse. A mayar da tukunyar.

Gargaɗi: kada a ƙara lita don an ga numfashi ya yi sama. Ƙarin na cika ɗaki da oksijin, kuma ga wasu masu daɗaɗɗen ciwon huhu yana iya danne numfashin ma. A kira ma'aikacin lafiya.

Mataki na 6: Injin oksijin da wutar lantarki

Wanda aka ba injin tace iska maimakon tukunya, ya ajiye shi da tazarar kamu ɗaya daga bango da labule, kada a ɗora komai a kansa. Irin mai lita 5 yakan ci wuta wat 300 zuwa 400. A ba shi soket nasa shi kaɗai, mai kyau, wanda ba ya tartsatsi. Wayar da aka tsiraita baki aka cusa a soket da tsinken ashana ba ta da wuri a wannan ɗaki. A riƙa wanke soson tace ƙura duk mako, a hunturu ma fiye da haka, a busar da shi sarai kafin a mayar. In ba a amfani da injin a kashe shi, kada a bar robar a kan katifa tana hura iska.

Janareto yana waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa cikin barci. Ba a zuba masa fetur yana aiki. Batirin sola da inbata su ma ba ɗakin jinya ne wurinsu ba.

Akwai wata 'yar na'ura da ake saƙalawa a jikin robar, wadda ke toshe iska da zarar wuta ta iso gare ta. A Ingila ana saka ta ga masu oksijin a gida, ɗaya kusa da majinyaci, ɗaya kusa da inji. A tambayi masu sayar da kayan asibiti a Kano, idan an samu a saya. Amma fa ba ta hana wuta tashi a fuska, yaɗuwarta kawai take tsayarwa.

Mataki na 7: Man shafawa

Oksijin na busar da hanci, hunturu na tsaga leɓe, hannun mai jinya kuma da kansa yake kaiwa ga kwalbar basilin. A daina. Basilin, man kaɗanya, man shanu, man zaitun, man zafi na mura da turaren mai duk ba sa zuwa fuska, gemu ko ƙirjin mai oksijin. A je kemis a nemi man shafawa mai tushen ruwa, irin KY Jelly. Idan akwai kwalbar jiƙa iska a jikin regileta, a zuba mata tsabtataccen ruwa zuwa layin da aka zana, a riƙa canzawa kullum.

Mataki na 8: 'Yan dubiya da mai tsaron ƙofa

Duk abin da na lissafa yana rushewa ne a ranar da ɗaki ya cika da 'yan dubiya. Matsalar kunya ce. Yaro ba zai iya ce wa kawunsa ya zazzage aljihu ba, suruka ba za ta iya hana ƙanin mijinta shiga ba. Don haka a naɗa babba guda, wanda maganarsa ke da nauyi a gidan, ya zama shi ke da ƙofa. A rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, da boko da ajami idan da hali: AKWAI OKSIJIN, BA TABA, BA SIGARIN LANTARKI, BA ASHANA, BA TURAREN WUTA. A ambaci na lantarkin da sunansa, domin mai shi ba ya lissafa kansa cikin masu shan taba.

Kalaman da na ga suna aiki su ne a jingina dokar ga likita: "Kawu, a yi mana haƙuri, likita ne ya ce duk mai shiga ya ajiye laita da makamantansu a nan, har ni ma na ajiye." Samari kuwa da yawa suna ɓoye sigarin lantarki ne daga iyayensu, ba za su fito da shi a gaban manya ba. A ja su gefe, sa'arsu ko yayansu ya yi musu magana, a ba su wurin ajiya ba tare da tonon asiri ba. Abin da muke nema kada ya shiga ɗaki ne, wa'azin barinsa a yi shi wani lokacin.

Ga abokan aikina na ɗakunan shan magani da asibitocin karkara: dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana busa taba a wuraren jinya, amma kada ku tsaya gardamar ko ta shafi na lantarki, ku rubuta shi a sanarwarku. Ku tambayi kowane majinyaci da mai jinyarsa tun ranar kwanciya. Ku zaga da dare, lokacin da masu jinya ke jona caji a soket ɗin kan gado, suna kunna maganin sauro ko risho a baranda. Ku raba cikakkun tukwane da waɗanda suka ƙare, ku ɗaure su, kada ku tara su a ɗakin majinyata. A watan Afrilun 2021, a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, gobarar da ta tashi daga tukwanen oksijin a sashen masu korona ta ci rayuka sama da 80.

Mataki na 9: Kafin a kwanta

Kowane dare mutum ɗaya ya zaga: taga a ɗan buɗe ko da sanyi, tocila a inda hannu zai kai, bokitin ruwa a cike, hanya ba kaya, robar ba ta naɗe a ƙarƙashin bargo ba. Majinyaci kada ya ja bargo ya rufe kansa gaba ɗaya da robar a hanci. Gidan sauro ya fi maganin kunnawa, amma zarensa na narkewa a wuta ya manne a fata, don haka ko waya kada a caja a cikinsa. Sanyi kuma a yaƙe shi da ƙarin sutura da safa, ba da garwashi ba.

Mataki na 10: Idan wuta ta tashi

A koya wa kowa a gidan wannan jerin tun yau, a nuna musu inda ake rufe tukunya da hannunsu. Fizge robar daga fuskar majinyaci. Rufe tukunya ko zare filogin inji, idan wutar ba ta kai wurin ba. Sheƙa ruwa a jikinsa da kayan da ke ci. Fitar da shi, a yi kururuwa maƙwabta su ji, a kira 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa, a gaya musu akwai tukunyar oksijin a ciki.

Gargaɗi: kada a danne wutar da bargon da yake lulluɓe da shi, ya riga ya sha oksijin, ƙara ruruwa zai yi. Ruwa ne magani. Kada a fesa hodar kashe gobara a fuskar mai ciwon huhu. Kada a watsa ruwa a soket ko inji sai an kashe janareto ko an yanke wuta.

Idan wuta ta riga ta kewaye tukunya, kada kowa ya koma don ceto ta ko ceto kaya. A kwashe mutane har na gidajen da ke jiki, a yi nisa, a fake bayan gini, domin tana iya fashewa. Batirin da ke hayaƙi ko feshi ba a ɗaukarsa da hannu. A tura shi waje da shebur idan zai yiwu, a yi ta zuba masa ruwa daga nesa, kada a shaƙi hayaƙin.

Mataki na 11: Ƙuna da tafiya asibiti

A zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe, agogo da abin wuya kafin kumburi. Tufar da ta manne a fata a bar ta, a yanke ta gefe. A rufe wurin da zane mai tsabta, sauran jikin kuma a lulluɓe shi da busasshen zane daga wani ɗakin, musamman tsoho, kada sanyi ya kama shi. Ba a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, toka ko baƙin mai, kuma ba a fasa ƙurajen ruwa.

Ƙunar fuska ba a jira da ita, ko da ta yi kama da ƙarama. Idan gashin hanci ya babbake, ko murya ta dishe, ko akwai baƙi a tofi, maƙogwaro na iya kumbura ya toshe cikin 'yan awanni. A tafi babban asibiti mafi kusa nan take, su za su tura shi asibitin Birnin Kudu, na Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano idan da buƙata. Majinyacin har yanzu yana buƙatar oksijin a hanya, don haka bayan an tabbatar babu sauran wuta ko garwashi a jikinsa da tufarsa, a sa masa sabuwar roba daga tukunyar ajiya, ba wadda ta ga wuta ba, a zaunar da shi a jingine, tagogin mota a buɗe.